Shawara: wace ƙaramar jita ce za ta jure hanya ba tare da ta ɓata hannu ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata biyu ina koyon jita mai tsirkiyar nailan, wadda ake ce wa jitar kilasika. Tawa babba ce, tana gida a Kano. Yanzu aiki ya mai da ni ɗan hanya: mako biyu a Abuja ko Kaduna ko Jos, mako guda a gida, yau a mota gobe a jirgi. Duk dawowar da na yi sai in tarar yatsuna sun yi nauyi, abin da na haddace ya zube. Na leƙa wani shago, mai shagon ya nuna min wata ta yara da wata 'yar mitsitsiya mai shiga jakar goyo, ya ce duk ɗaya ne. Tsorona biyu: kada ƙarama ta ɓata min hannu, kuma kada in zuba kuɗi a abin da hanya za ta fasa. Me zan saya? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Mai shago bai faɗa maka daidai ba, ba duk ɗaya ba ne. Amma game da tsoronka na farko, ka kwantar da hankalinka. Mako biyu ba ka taɓa tsirkiya ba ya fi yi wa hannunka illa, nesa ba kusa ba, a kan mako biyu da jitar da ta ɗan gaza taka tsawo. Ka sayi ƙaramar. Sai dai ka je sayenta da tef ɗin awo a aljihu, kada ka dogara da sunan da aka buga a jikin kwali.

Abin nan da ake rubutawa, 3/4 da 1/2 da 7/8, laƙabi ne kawai, kuma kowane kamfani da yadda yake raɗa nasa. Yamaha na kiran CS40 da CGS103A da 3/4, tsawon tsirkiyarsu milimita 580. Cordoba ma na kiran Cadete ɗinta 3/4, amma ita milimita 615 ce, mai 580 ɗinta kuwa 1/2 take ce mata. Ka ga mutum biyu na iya sayen 3/4 rana ɗaya su koma gida da kaya daban-daban. Awo biyu za ka riƙe: tsawon tsirkiya da faɗin wuya.

Tsirkiya tana hawa kan fararen ƙasusuwa biyu, a jita mai araha kuma roba ce mai kama da ƙashi. Ɗaya yana ƙarshen wuya dab da kan jitar, ɗayan yana zaune a kan jaki, wato katakon nan da aka manna a fuskar jita inda ake ɗaure tsirkiyoyi. Mu kira su ƙashin sama da ƙashin ƙasa. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce tsawon tsirkiya. Don ka samu awo na gaskiya, ɗora tef daga gefen ƙashin sama zuwa tsakiyar firet na 12, wato sandar ƙarfe ta goma sha biyu cikin waɗanda ke gicciye a wuya, sannan ka ninka biyu. In ka ga 325, jitar mai 650 ce, irin taka ta gida. In 290 ka gani, mai 580 ce. Wannan 650 shi ne awon da aka fi bi tun zamanin Antonio de Torres, masassaƙin jitar nan na Almeriya a ƙasar Sifaniya, wanda ya rasu a 1892, kuma daga hannunsa jitar kilasika ta yau ta gaji siffarta.

To me waɗannan lambobi ke nufi ga yatsunka? Ɗauki tazarar firet na 1 zuwa na 4, inda manuni da ƙaramin yatsa suka fi shan miƙa. A mai 650 kusan milimita 98 ce. A mai 630 ta koma 95, a mai 615 ta koma 92, a mai 580 ta koma 87. Ragin milimita uku ko shida, hannu da ƙyar yake lura da shi. Ragin santimita guda na mai 580 hannu zai ji shi, amma abu ne da yake daidaita kansa da zarar ka ɗan motsa yatsu. Ƙasa da nan ne labari ke sauyawa: ta yara mai 535 tazararta 80 ce, 'yar mitsitsiyar kuwa kusan 65. Wanda ya shafe mako biyu a kan 65 ya dawo kan 98, ƙaramin yatsansa zai riƙa sauka a bayan inda ya nufa.

Kafin ka kashe ko sisi, kana iya ɗanɗana mai 580 a ɗakinka. Sauke kowace tsirkiya ta jitarka da cikakken mataki ɗaya, wato sautukansu E A D G B E su koma D G C F A D. Sannan ka maƙala kafo, abin nan da ke matse tsirkiyoyi gaba ɗaya, a firet na 2. Sauti ya dawo daidai inda yake, tsawon da ya rage milimita 579 ne, kuma sanyin ɗaurin da za ka ji a yatsa shi ne ainihin na ƙaramar jita. In mai 615 kake son gwadawa, sauke rabin mataki ka sa kafo a firet na 1. Yi kwana uku a haka, ka cire kafo, ka mayar da saiti, ka ga minti nawa hannunka zai ɗauka kafin ya dawo hayyacinsa. Gani ya kori ji.

Abu ɗaya ne wannan gwaji ba zai nuna maka ba, kuma a wurinmu shi ya fi tsawon muhimmanci, wato faɗin wuya. A ƙashin sama, babbar jitar kilasika milimita 52 take. Ƙananan kan zo da 50 ko 48. Kiɗan kilasika ya ginu ne a kan riƙe sauti ɗaya da yatsa alhali tsirkiyar da ke maƙwabtaka tana amo a sake. In wuya ya matse, tsokar yatsa za ta taɓa maƙwabciyar ta kashe mata murya, kai kuma ba da saninka ba za ka fara karkata yatsu don kauce mata. Wannan karkatar ita ce ɓacin hannun da ya kamata ka ji tsoro. Babban mutum kada ya sauka ƙasa da 48, in ka samu 50 ka riƙe ta da kyau. Duk wadda ka auna ka ga 43 ko 45, wuya irin na jita mai tsirkiyar ƙarfe aka ba ta, ajiye musu abarsu. Ka auna kuma a wajen jaki, daga tsirkiya ta farko zuwa ta shida. A babbar jita tsakanin milimita 58 da 60 ne. Yatsun dama ba da ido suke aiki ba, tazara suka haddace, don haka duk yadda ƙaramar ta kusanci awon taka ta gida a nan, haka komawarka zai yi sauƙi.

Kada kuma ka ɗauka gajeriyar jita kayan wasan yara ce. Darussan makaɗan jita Fernando Sor da Ferdinando Carulli, waɗanda kusan kowane mai koyo ke bi ta kansu, an rubuta su ne a farkon ƙarni na 19 a kan jitoci irin na masassaƙa Lacôte a Faris da Panormo a Landan, masu ƙaramin jiki da tsirkiyar da ke wajen milimita 630.

Sai kayan da aka nuna maka. 'Yar mitsitsiyar, in irin Guitalele GL1 ta Yamaha ce, tsawon tsirkiyarta milimita 433 ne, kuma ba a saitin jita take ba. A D G C E A ake saita ta, kamar ka sa wa taka kafo a firet na 5. Tana da daɗin ɗauka da daɗin hira, amma duk abin da ka kaɗa zai fito a sama da inda kunnenka ya saba, ba za ka iya bin rikodin ɗin malaminka ba, kuma yatsu a cunkushe suke. Ta yaran ita ma an yi ta ne don hannun ɗan firamare. Ka lura da wani tarko a sunaye: Cordoba Mini ta farko milimita 510 ce kuma a A ake saita ta, Mini II ce mai 580 da wuya 48 da saitin E na yau da kullum. Tambayi mai shago wacce ce a hannunsa, sannan ka auna da kanka.

Ta ɗaya ɓangaren, mai 630 irin Cordoba Dolce ta fi kowacce kusa da taka a hannu, amma ba ta rage maka kaya ba. Babbar jita kusan mita guda ce daga kai zuwa gindi, mai 630 'yan santimitoci kaɗan ta gaza ta. Sauƙin ɗauka na gaske yana farawa ne daga mai 580, wadda tsawonta duka ke tsakanin santimita 87 da 92, da jiki ɗan tsamurmuri. Saboda haka ga mutum irinka amsarmu ita ce: tsirkiya 580 zuwa 615, wuya 48 ko sama, saitin E. In mota ta fi yawa a tafiyarka, karkata ga 615. In jirgi ya fi yawa, 580.

Akwai wata hanya ga mai hali. Yamaha na yin jita marar ƙwarya, katako ɗaya ne miƙaƙƙe da zagayen firam wanda ake cire rabinsa a tura cikin jaka siririya. SLG200N tsirkiyarta 650 ce da wuya 50, SLG200NW kuwa wuyanta 52, wato hannun hagu ba zai san ya bar gida ba. Da abin sauraro na kunne ake jin ta, batir biyu ƙanana take ci, kuma na ɗakin da ke kusa ba zai ji komai ba sai ɗan ƙyas-ƙyas. Aibinta uku ne: kuɗinta ya ninka na ƙaramar jita sau da yawa, siririya ce amma ba gajeriya ba don tsawonta ya kusa na babba, kuma tunda na'ura ce ke ƙara mata murya, hannun dama na iya yin lalaci bai sani ba.

Yanzu batun da masu saye kan gano sai bayan sun kai gida. In aka rage tsawon tsirkiya aka ce ta ba da sautin da take bayarwa a da, dole a sassauta ta, kuma ragin ɗaurin ya fi ragin tsawon yawa. A mai 630 ɗauri kan ragu da kusan kashi 6 cikin ɗari, a mai 580 da kusan kashi 20. Saitin tsirkiya na matsakaicin ɗauri yana jan kusan kilo 38 zuwa 40 a babbar jita, in ka ɗaura shi a mai 580 sai ya dawo wajen 31. Nan ne za ka ji tsirkiya ta yi laƙwas, tana dukan firet tana zuuu, kuma in ka danna da ƙarfi sautin ya haura sama da inda ya kamata. Ta uku da ta shida, in an ƙirga daga mafi siranta, sun fi yin haka. Maganinsa ka cire waɗanda ta zo da su ka sa masu ƙarfin ɗauri, misali D'Addario EJ46 a madadin EJ45. Kada ka ji tsoron za su yi wa jitar nauyi, a wannan tsawo jansu bai ma kai na matsakaita a babbar jita ba. In ta ukun ta ci gaba da yin dum-dum, nemi ta kabon irin Savarez Alliance, ta fi siranta ta fi tsayuwa.

Tsirkiyar ƙarfe kuwa, ko da wasa. Muna nanata wannan ne saboda ita ta fi samuwa a shaguna, kuma akwai masu ɗaura ta a kowace jita ba tare da tambaya ba. Janta ya kai wajen kilo 70, jitar kilasika ba a gina ta don haka ba. Jaki zai ɗago, fuska ta kumbura, wuya ya lanƙwasa. In ta hannu za ka saya ka tarar da tsirkiyar ƙarfe a jikin jitar da aka yi don nailan, ɓarna ta riga ta fara ko ido bai gani ba.

Tsoronka na biyu, na fashewa, yawancinsa batun katako ne, kuma a nan shawarar ta saɓa da wadda ake ba mai sayen jitar gida. Fuskar jita ce ke yin sauti. Torres da kansa ya nuna haka a 1862 da ya haɗa wata mai baya da gefe na takardar kwali, tana nan a gidan tarihin kiɗa na Basalona. Shi ya sa ake yabon fuska ta katako falle ɗaya, wadda kaurinta bai fi milimita biyu zuwa biyu da rabi ba. Amma falle ɗaya yana numfashi da iska. Ana haɗa jita ne a danshin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Da hunturu a Kano danshi kan sauka ƙasa da kashi 20. Katako sai ya tsuke ta faɗinsa, 'yan sandunan da aka manna masa ta ciki kuma su ƙi tsukewa tare da shi, ƙarshenta ya tsage, galibi daga jaki zuwa gindi ko a gefen wuya. Jitar da ke yawo tsakanin gari da gari, daga ɗaki mai na'urar sanyaya iska zuwa tasha da tsakar rana, ta fi kowacce shan wannan ja-in-ja.

Don haka ta tafiya gara ta zama ta filawud, katako falle-falle da aka manna a gicciye, kowanne na hana ɗan'uwansa motsi. Muryarta ba ta kai ba, amma atisaye za ka yi da ita, ba taro za ka tara ba. Ƙananan Yamaha ɗin da muka ambata haka fuskarsu take, Cadete da Dolce kuwa falle ɗaya ce. Gane su ba wuya: dubi bakin ramin da ke tsakiyar fuska. In layukan katako sun gangara ta cikin kaurin ba yankewa, falle ɗaya ne. In ka ga hawa-hawa kamar shafukan littafi, filawud ne.

Filawud ma ba ta tsira gaba ɗaya ba, tunda wuya da jaki gundarin katako ne. Alamar bushewa ta farko ita ce bakin firet ya fara cizon hannu in ka shafa gefen wuya, saboda katako ya tsuke ƙarfe bai tsuke ba. Daga nan fuska ta ɗan lotsa, tsirkiyoyi su sauko su fara dukan firet. Samu gidan sabulu na roba mai murfi, huda masa ramuka goma ko fiye, jiƙa soso ka matse shi har sai ba ya ɗiga, rufe shi a ciki ka ajiye a jaka ta wajen kan jitar. Duba shi duk kwana biyu ko uku. Ruwa kada ya taɓa katako. In jakar yadi ce, danshi zai tsere, sai ka zura jitar da gidan sabulun cikin babbar leda kafin jaka. Ɗan agogon auna danshi ba shi da tsada, ajiye shi a ciki ka riƙa neman 45 zuwa 55. Da damina ka cire soson, ka riƙa buɗe jaka tana shan iska don gudun funfuna. Kuma ɗan'uwa, wannan ya fi shafar babbar da kake bari a gida mako biyu ba mai duba ta. In fuskarta falle ɗaya ce, kada ka tafi ka bar ta a jingine da bango cikin hunturu. Sa ta a akwati a rufe, da irin fakitin nan na Boveda ko D'Addario da ke riƙe danshi a wajen kashi 49, su suna yin makonni.

Ranar saye ka tafi da tef, da rula ta ƙarfe, da fallen takarda, da manhajar saita sauti a waya. Jita biyu masu suna ɗaya daga kwali ɗaya ba sa zama ɗaya, don haka wadda za ka biya ita za ka gwada. Saita ta tukuna. Taɓa tsirkiya sama-sama daidai kan firet na 12 ka kaɗa ta ba da siririn amon nan, sannan ka danna ta sosai a wurin ka sake kaɗawa. Ya kamata allurar manhaja ta tsaya kusan wuri ɗaya. In na dannawa ya haura sosai a duk tsirkiyoyi shida, ko dai sun yi nisa da wuya ko an manna jaki ba a gurbinsa ba, na biyun kuwa ba gyaran gida ba ne. A gajeriyar jita kuskuren milimita ɗaya ya fi fitowa fili, shi ya sa wannan gwaji ya fi zama dole a nan.

Sai tsayin tsirkiya. A firet na 12, daga saman ƙarfe zuwa ƙasan tsirkiya, ana son kusan milimita 4 a ta shida da 3 a ta farko, ƙasa da haka kaɗan ma ya yi in ba ta zuuu. Masu araha kan zo da 5 ko fiye. Wannan na gyaruwa in ƙashin ƙasa ya fito da tsayi: a zare shi, a goga gindinsa a kan sanfefa da aka shimfiɗa a kan gilashi don ya tafi a miƙe. Ƙa'idar ita ce, don a sauke milimita 1 a firet na 12 sai an ci milimita 2 a ƙashi. Saboda haka in tsirkiya ta yi sama kuma ƙashin da ƙyar ya leƙo daga jaki, ba abin da za a ci, wuya ne ya riga ya tashi. Bar ta. Danna ta shida a firet na 1 da na 12 lokaci guda ka dubi tsakiya: ratar da ake so ba ta wuce kaurin katin waya ba, ƙasa da shi ma. Jitar kilasika ta asali ba ta da sandar ƙarfe a cikin wuya da ake miƙe shi da ita, amma Cordoba na sa wa nata, kuma ga jitar da za ta riƙa sauya yanayi wannan riba ce. Tura takarda ƙarƙashin bayan jaki, in ta shige gam ya fara saki. Ƙwanƙwasa fuska a hankali da gaɓar yatsa, in ka ji kakkarwa akwai sandar ciki da ta ɓalle. Kaɗa kowace tsirkiya a kowane firet, ka murɗa kowane kunnen ɗaure tsirkiya ka ji ko yana kamawa nan take ko yana juyawa a banza.

Kuɗi kuwa, sayi wadda in ta fashe za ka ji zafi amma ba za ka kwana kana juyi ba. Ka ware kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ka tanada don jaka mai kaurin soso, saitin tsirkiya biyu, da ladan mai gyara.

A hanya zafi ya fi gargada kisa. Motar da aka ajiye a rana cikinta kan wuce digiri 60, a nan gam ke laushi alhali tsirkiya na ja, sai jaki ya tashi. Kada ta shiga but, kada yaron mota ya ɗaure ta a sama ko ya danne ta da buhu. Tsayar da ita tsakanin gwiwoyinka, kanta a sama, nesa da tagar da rana ke bugawa. In an tsaya salla ko cin abinci, fita da ita. In ka shiga ɗaki mai sanyi daga rana, bar ta a jaka kamar rabin sa'a kafin ka buɗe.

A jirgi, iyakar jakar hannu a yawancin kamfanoni wajen santimita 55 ce a tsawo, ko mai 580 ta wuce haka. Shigarta ya rataya ne ga dokar kamfani da sauran wuri. Za ka ci karo da labarin dokar Amurka ta 2012, wadda ta fara aiki a 2015, da ta wajabta barin ƙaramin kayan kiɗa ya shiga in akwai wuri. Kamfanonin jiragen Amurka ta shafa, ba za ta yi maka aiki tsakanin Kano da Abuja ba. Tambayi kamfani kafin ka yanki tikiti, ka yi sammakon shiga kafin ma'ajiyar sama ta cika, ka goya jitar a baya ka yi wa ma'aikata magana mai daɗi. In sun ce sai ƙasa, roƙi a bar ka ka kai ta bakin jirgi da hannunka. Tun daga gida ka sassauta tsirkiyoyi da mataki ɗaya, ka cusa riguna a ƙarƙashi da saman kan jitar har ya daina motsi. Yawancin karaya a nan take faruwa, a mahaɗar kai da wuya, lokacin da jaka ta faɗi kai ya fizga.

In ka isa masauki, zama ne zai fara cutar da kai kafin tsirkiya. Ƙaramin jiki yana nutsewa a cinya, mutum ya riƙa sunkuyawa yana bin sa, bayan kwana uku kafaɗa da wuya su ɗauki ciwo. Nemi kujera marar hannu, ka guji bakin gado. Taka wani abu mai tsayin kamar santimita 15 da ƙafar hagu, ka naɗe tawul a kan cinya har kan jitar ya kai tsakanin kafaɗa da ido, kamar yadda ta gida ke zama. In dare ya yi, yanki soso siriri ka tura ƙarƙashin tsirkiyoyi dab da jaki. Murya za ta mutu saura ɗan tak-tak, wanda ma ya fi tona asirin yatsan da ke gaggawa ko jinkiri.

Ƙaramar ƙwarya ba ta da zurfin murya, musamman a tsirkiyoyin kauri. Kada ka yi ta haƙa da farce kana neman abin da babu, za ka koma gida da hannu mai kaushi. Kaɗa da ƙarfin da ka saba, ka karɓi abin da ta bayar. Raba aikin ma: a hanya ka ba da ƙarfi ga jeranta yatsun dama, karatun nota, hadda, da bin bugun awon lokaci a waya, minti 20 zuwa 30 kullum ya wadatar. Dogon miƙa yatsu, da tsalle daga ƙasan wuya zuwa sama, da gyaran murya, ka tara su sai makon gida. Ranar da ka dawo, minti goma na farko ka yi su a hankali kana kallon hannun hagu, hawa da sauka a firet huɗu na farko, kafin ka taɓa wani kiɗa.

Sabuwar nailan tana ɗaukar kwanaki tana miƙewa, wani lokaci har mako guda kafin ta zauna, don haka kada ka sauya tsirkiya daren tafiya, yi shi farkon makon da kake gida. A aljihun jaka kullum a samu cikakken saiti ɗaya, da ƙarin ta huɗu guda, wato D. Ita ce mafi siranta cikin masu naɗin waya, ita ta fi tsinkewa, sau da yawa a cikin jaka ba wanda ya taɓa ta, kuma a garin da ka sauka baƙo ba lallai ka samu ta nailan ba.